Jan Sa da Waya Dubu Biyu

Shanun huɗa biyu gare ni a lokacin, fari da ja. Shekara tara na yi ina ƙwadago kafin na haɗa su. Na yi yankan shinkafar mutane, na yashe kanal, na haƙa rijiya har wata ta rufta da ni zuwa ƙirji. Farin na fara saya yana maraƙi, jan ya biyo baya da shekara biyu. In an ɗora musu karkiya, farin a dama, jan a hagu. Ba sai na ɗaga bulala ba. In na yi gyaran murya sun san an zo ƙarshen kunya, su juya da kansu. Da su nake ciyar da gidana duk damina, don mai shanu ba ya rasa wanda zai kira shi huɗa.

Jan na sayar na sayi sola.

Ƙauyenmu yana bakin kanal ne, tsakanin Kura da Bunkure. Ruwa muna da shi rani da damina. Wuta ce babu. A shekarun nan ne wayar hannu ta shigo mana, kuma dillalan tumatir ne suka fara riƙe ta. Da ita suke jin farashin Kudu kafin su taya kaya. Wanda wayarsa ta mutu da safe, a makance zai yi ciniki ranar. Wata rana na kai kwando bakin titi inda ake lodi, na ga wani dillali ya ba ɗan acaɓa wayarsa ya kai masa Kura a yi caji da janareta. Kuɗin acaɓar ya fi kuɗin cajin sau uku. Na tsaya da kwando a ka ina kallo har babur ɗin ya ɓace.

Na taɓa ganin wani faranti mai baƙin gilashi a kan rufin wani ƙaramin asibiti, aka ce shi ke sanyaya allurar yara. Na koma na sami maigadin wurin.

"Yana shan mai?"

"Ba ya sha."

"To me yake ci?"

"Rana kawai."

Ban yi makaranta ba, amma ba a cuta ta a ƙirge. Na je Kano na tambayi kuɗin kayan. Na dawo na zauna a gindin mangwaro na yi lissafina da tsakuwa. Cajin waya naira talatin ne. Kuɗin jan sa, in aka raba shi talatin-talatin, waya dubu biyu ne. In na sami waya ashirin kullum, kwana ɗari ya isa. Daga tsakiyar sanyi zuwa faɗuwar damina ya fi kwana ɗari da nisa. Ke nan kafin a fara huɗa sa ya dawo, faranti kuma ya zama nawa a banza. Sau uku na maimaita lissafin, sau uku yana fitowa daidai.

Akwai wani Bafulatani da ke sauka bayan gonata duk rani. Shanunsa su ci kututturen shinkafata, su bar mini taki. Mun fi shekara goma a haka. Shi na kai wa jan.

"Kaɗo, me ya taɓa maka kai?" in ji shi. "Wa ya taɓa raba shanun huɗa?"

"Baffa, saya za ka yi ko wa'azi?"

Ya zaga san, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya daddanna tozonsa. Sannan ya ce, "Zan saya. Amma kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai, da na yayana a ciki, shi kuwa ba ya jin bari. Ga abin da zan iya yi maka. Ba zan kai shi kasuwa ba sai za mu tashi. Ruwan shuka na sauka, za mu kaɗa shanu mu ba ku gonakinku. In ka kawo kuɗin cif kafin nan, ka kwance abinka. In ba ka kawo ba, mota zai hau zuwa Kudu."

"Ƙibar da zai yi a hannunka fa?"

"Na bar maka. Ciyawarka zai ci."

Muka tafa. Babu takarda, babu shaida sai Allah.

Na koma gida na faɗa wa mai ɗakina. Sana'arta turara shinkafa, ta shanya, ta kai inji a casa ta sayar. Mace ce mai aiki, ba mai yawan magana ba. Sai da ta ga farin ya wuni yana kuka a turke, ya ƙi taɓa dusa, sannan ta ce, "Malam, gilashi zai ja garma?"

Na ce ta kula da tukunyarta.

Kuɗin san bai isa ba, sai da na ɗora buhu uku na shinkafa shanshera. Mai shagon da kansa ya biyo ni daga Kano ya haɗa. Faranti ɗaya ne, bai kai ƙyauren ɗaki ba. Sai batir irin na babbar mota, sai inbata, sai wani ɗan akwati mai ido biyu, kore da ja. Na sa ya ɗaure farantin a kan rumfar tsakar gida, ba a kan rufin ɗaki ba, don ina so idona ya riƙa kai wa gare shi. In mutum ya taka turmi hannunsa zai kai. Da zai tafi ya ce, "Baba, ka riƙa goge shi. Wannan idon kuma, kore lafiya, ja yunwa."

Ga yadda muke aikin. Da asuba in ɗauki jaka in bi wurin lodi da gonaki in karɓi wayoyi. Da yake ban iya rubuta suna ba, zare nake ɗaurawa. Rabi a jikin waya, rabi a hannun mai ita, kala ɗaya, ƙulli ɗaya. In kawo gida, mai ɗakina ta riƙa jonawa tana cirewa, ni in wuce gonar tumatir. Da yamma in mayar wa kowa tasa. Duk wayar da aka biya, in jefa ƙwayar masara a gwangwanin madara. In masara ta cika ɗari, in juye, in sa ƙwallon dabino ɗaya a wata 'yar ƙwarya. Kuɗin kuma a asusu, ba na taɓa ko sisi. Ƙwallo ashirin shi ne jan sa.

Farkon abin ya yi kyau har ya ba ni tsoro. Waya ashirin, ashirin da biyar, wata rana talatin. Idon nan kore shar tun kafin azahar. Dillalai suka daina aika acaɓa Kura. Muka daina sayen kananzir, don an ja mana ƙwan lantarki ɗaya a tsakar gida. Mai ɗakina ta sami jin rediyo ba sai da batir ba. Kafin sanyi ya wuce, ƙwallo bakwai na cikin ƙwarya.

Sai zafi ya shigo.

Wata Juma'a na dawo daga masallaci, na taka turmi zan goge farantin. Da na ɗora hannu sai na janye da sauri. Kamar na dafa marfin tukunya. Na sake taɓawa da bayan hannu. Na taɓa ganin gilashin fitila ya tsage don zafi. Na taɓa ganin rana ta narkar da tiyo a bakin kanal. Wannan kuwa ba gilashin fitila ba ne, jan sana ne a kwance a kan rumfa, yana gasuwa.

Mu manoman rani mun san rana. Irin tumatir in ya tsiro a bedi, ciyawa muke rufa masa, in ba haka ba kwana biyu ya ƙone. Injin ban ruwa, jiƙaƙƙen buhu muke yafa masa da tsakar rana. Sa, inuwa ake kai shi. Ko kwandon tumatir ba a barinsa a buɗe. Duk abin da mutum ya sa wa kuɗi, yana kare shi daga ranar azahar. Haka na tashi na gani, haka ubana ya yi.

Na ɗauko sabuwar tabarma na shimfiɗa wa farantin, na danne gefe da duwatsu. Na kira mai ɗakina.

"Daga yau, in rana ta take tsaka ki rufe shi. In an yi la'asar ki buɗe."

Ta dubi tabarmar, ta dube ni. "Ba mai shagon ya ce rana yake ci ba?"

"Ni ma tuwo nake ci. An taɓa ɗura mini shi da zafinsa?"

Ta koma kan tukunyarta.

Kwana huɗu ko biyar ban ga canji ba. Daga nan idon ya fara kaiwa yamma bai yi kore ba. Sai inbata ta fara kuka kafin la'asar, ta ɗauke. Wayoyin da ke layi su kwana ba caji. Na ce a raina, zafi ne ya gajiyar da shi. Ai ko sa in rana ta yi yawa ƙarfinsa raguwa yake. Na ce wa mai ɗakina ta daina jiran tsakar rana, ta rufe tun da hantsi. Abin ya ƙara lalacewa. Na ce to ashe zafin ya shige shi sosai, ta bar tabarmar har rana ta yi sanyi.

Wani dillali mai ƙaton ciki, wanda kullum yake ba ni waya biyu, ya tare ni a wurin lodi gaban mutane.

"Kai mai zare! Wayar nan caji ka yi mata ko tofi? Ina tsakiyar magana da mutumina na Kudu ta mutu. Kwando arba'in na saya ban san farashi ba."

"A yi haƙuri, Alhaji."

"Haƙuri zai biya ni? Ko dai ranar gidanku ce ta tsufa?"

Aka yi dariya. Na mayar masa da naira sittin ɗinsa. Da na isa gida na cire masara biyu daga gwangwani. Ban taɓa cirewa ba sai ranar.

Cikin sati biyu wani ya kawo ƙaramin janareta bakin titi ya kafa tebur. Naira arba'in yake karɓa, amma wayarka za ta cika. Jakata da ke dawowa da nauyi ta koma waya shida, waya biyar. Waɗanda suka rage ma don kunyata suke ba ni.

Na kwance batir na ɗora a kai har titi, na shiga mota zuwa Kano. Mai shagon ya sa masa wani abin awo, ya girgiza kai.

"Baba, batirin nan yunwa yake kwana da ita. Farantin yana samun rana kuwa?"

"Rana har ta yi masa yawa."

"Babu bishiya kusa?"

"Babu."

"Kana gogewa?"

"Kullum."

Ban faɗa masa maganar tabarma ba. Ba ɓoyewa na yi ba. Wanda ya kai sansa wurin mai magani ba ya tsayawa yana cewa ina ba shi ruwa. Abin da kowa ya sani ne, a ganina.

Ya ce, "To akwai abin da ke shanye wutar. Ko kun jona wani abu mai nauyi da ba ka sani ba." Ya cika mini batirin da wutar shagonsa, na kwana a tasha, na dawo washegari. Tafiyar ta ci mini kusan ƙwallo guda, ga kwana biyu ba aiki.

Ina shiga gida na cire rediyon mai ɗakina daga jikin wuta na kulle a akwatina. Na kwance ƙwan tsakar gida. Muka koma aci-bal-bal.

"Ni ce na shanye maka wutar?" in ji ta.

"Ban ce ke ba ce. Na ce rediyo."

"To."

Wannan "to" ɗin har yau ina jin ta. Batirin ya yi kwana uku da ƙarfinsa na Kano, ya koma gidan jiya.

Sati bakwai muka yi a haka, ƙwallo uku kacal suka ƙaru. Goma ke nan, rabi. Tumatir ɗin da nake sa ran zai taimaka ya faɗo lokacin da kowa ya kawo nasa, har ana zubarwa a bakin titi don kuɗin kwando ya fi na abin da ke ciki. Abinci ya daina yi mini daɗi. In ina ban ruwa sai in tsinci kaina na tsaya da fartanya ina ƙirga kwanaki, ruwa ya karya kunya ya wuce gonar maƙwabci.

Duk bayan kwana biyu sai na zaga rugar. Ba na shiga, daga nesa nake tsayawa. Jan ya yi ƙiba, gashinsa na sheƙi. In iska ta kai masa warina sai ya ɗaga kai ya yi wani gajeren kuka. Rannan Bafulatanin ya gan ni.

"Kaɗo, ka zo gaishe da surukinka? Ya gilashi, ya haihu?"

"Yana nan."

"Jiya na ga shamuwa biyu a kan tsamiyar can." Bai yi dariya ba da ya faɗi wannan.

Shamuwa in ta zo, ruwa na bayanta. Ni manomi ne ɗan manomi. Tun ina yaro in na ga gabas ta yi baƙi murna nake. A shekarar nan na zama mutumin da ke tsoron hadari. In mutane a masallaci suna roƙon Allah Ya kawo damina da wuri, bakina na cewa amin, zuciyata na roƙon a jinkirta. Na nemi gafara a kan wannan ba sau ɗaya ba.

Da na rasa dabara sai na tuna injin ban ruwa. Na kawo buhun algarara biyu na ba mai ɗakina. Na ce in ta shimfiɗa tabarmar ta jiƙa buhunan ta ɗora a kai, ta riƙa yayyafa ruwa in sun bushe. Ta karɓa ta ajiye.

Bayan kwana biyu na dawo da yamma na tarar da idon kore. Na durƙusa na leƙa da kyau. Kore ne. Wayoyi bakwai duk sun cika. Washegari ma haka. Rana ta uku na karɓo goma sha biyu, duk suka cika.

"Kin gani?" na ce mata. "Sanyi yake so. Da tun farko na tuna da buhun nan."

Tana tankaɗe ba ta ɗago ba. Ta ce, "Allah Ya ƙara basira."

Rana ta biyar fasasshiyar kwalba ta yanke ni a tafin ƙafa cikin kanal. Na ɗaure da tsumma na ɗingiso gida, ana kiran azahar. Ban saba dawowa a wannan lokacin ba. Ina shiga tsakar gida wani haske ya soki idona. Farantin ne a buɗe, tsirara, rana na dukansa. Tabarmata tana ƙasa an baza turararriyar shinkafa a kai. Buhunan suna rataye a igiya, a bushe ƙamas.

Na manta da ƙafa. Na yi kan tabarmar zan zazzage shinkafar. Mai ɗakina ta fito daga madafa ta taka gefen tabarmar da ƙafarta.

"Malam, kafin ka zubar mini da jari, je ka dubi idon."

"Kashe ni za ki yi? Kin san abin da ke kan rumfar nan?"

"Na sani. Je ka duba."

Na je. Kore. Waya tara a jone, inbata ba ta kuka.

"Yau kwana biyar ban rufe shi ba," in ji ta. "Ranar farko tabarma ce ta yi mini kaɗan, na ara na ce zan mayar, aiki ya sha kaina na manta. Da la'asar na ga ido ya yi kore. Washegari da gangan na bar shi. Buhunanka ko ruwa ba su taɓa ba."

"Ya ba ki faɗa mini ba?"

"Na faɗa tun ranar farko, ka ce tuwo. Na yi shiru ka ɗauke rediyo. In na sake magana me za ka ɗauke, ƙyauren ɗaki?"

Na taka turmi da ƙafa mai jini na taɓa gilashin. Zafi kamar wuta. Na duba kusurwa huɗu, ko tsaga babu.

Ta ce daga bayana, "Shekara ashirin ina shanya. Abin da aka ce rana ce abincinsa, ban taɓa ganin an yi masa rumfa ba. Kai ka ɗauke shi ɗan tumatir. Shi kuwa shanya ce."

Na sauko na zauna a kan turmin. Sati bakwai. Da hannuna, da sabuwar tabarmata, ina toshe bakin abin da na sayar da sa na saya, ina kuma ganin kaina mai kula. Ta kawo ruwan zafi da gishiri ta wanke mini ƙafar. Da yamma na buɗe akwati na ajiye mata rediyon a bakin ƙofa.

Daga ranar farantin bai sake ganin inuwa ba. Amma abu biyu sun riga sun faru. Batirin ya ji jiki, ba ya riƙe wuta kamar da, rana na yin ƙasa yake sakin jiki. Kuma tumatir ya ƙare. Motocin Kudu suka ragu, dillalai suka watse da wayoyinsu. Na riƙa ɗingisawa har ƙauyuka uku ina neman waya, wurin masu shago, malaman makaranta, masu injin casa. Na rage kuɗin zuwa ashirin da biyar, na koma ƙirga kuɗi maimakon masara. Rana mai kyau in sami goma sha biyu.

Kowace yamma sai na fita bayan gida na dubi gabas. Sau biyu hadari ya haɗu ya yi baƙi, iska ta taso ta watsa shi. Sau ɗaya aka yi yayyafi da bai kwantar da ƙasa ba. Na tafi rugar da gudu-gudu. Bafulatanin ya tona ƙasa da sandarsa ya nuna mini busasshiya a ƙasa.

"Wannan ba ruwan shuka ba ne, Kaɗo. Je ka ci gaba. Nawa ya rage?"

"Da saura."

"Yayana ya riga ya yi magana da mai mota."

Ƙwallo ya kai goma sha biyar. Wata safiya na ga turken awakin mai ɗakina babu komai. Guda biyu ne, na gadon uwarta. Ta aika an sayar a kasuwa ban sani ba. Ta miƙo mini kuɗin a ƙulle a bakin zane. Na ce ban tambaye ta ba. Ta ce ita ma ba ta tambaye ni ba. Ya zama goma sha bakwai.

Bayan kwana huɗu ruwa ya sauka. Tun la'asar aka fara, kamar da bakin ƙwarya, har kanal ya cika ya tumbatsa. Yara na tsalle a waje, mata na tara ruwa. Ni ina zaune a zaure da asusu a gabana. Na fasa shi, na ƙirga sau biyu. Bai ƙaru ba.

Da gari ya waye na tafi rugar. Sun riga sun kwance bukkoki, an ɗora kaya a kan jakuna. Jan yana ɗaure shi kaɗai a gefe, da sabuwar igiya a ƙaho. Yayan Bafulatanin na tsaye kusa da shi.

"Cif ne?" in ji abokina.

"Saura uku cikin ashirin."

Ya dubi yayansa. Yayan ya kawar da kai. Sun riga sun karɓi kafin alƙalami tun daren jiya, kuma a kan kuɗin da ya fi nawa, don san ya yi ƙiba. Ban roƙa ba. Magana muka yi, sun cika tasu har da ƙari. Na je na shafa wuyan jan, ya sa hanci a hammatata yadda ya saba. Na juya.

"Tsaya, Kaɗo." Ya shiga cikin garke ya jawo wani ɗan bijimi baƙi, siriri, bai taɓa ganin karkiya ba. "Wannan nawa ne ni kaɗai. Kawo abin da ke hannunka. In ka iya koya wa gilashi cin rana, ka iya koya wa wannan huɗa."

"Ba ni na koya masa ba."

"Na sani. Labari ya zo mana. Ka gaishe ta."

Rabin huɗar shekarar ta wuce ni ina horar da baƙin. Ya karya karkiya ɗaya, ya ja ni a ƙasa sau biyu. Mutanen da suka saba kirana suka kira wasu. Da rani ya dawo sai da na sayi sabon batir, ya cinye ƙwallo biyar. Sai a rani na uku na zauna da tsakuwata na haɗa komai, san da buhunan shanshera da batir da huɗar da na rasa da awaki biyu da na mayar wa mai ɗakina, na ga farantin ya biya. Daga nan abin da ya kawo riba ce, har lokacin da kowane shago ya yi nasa.

Mutane sun zo suna tambayata kafin su saya. Nakan ce yana mayar da kuɗinsa, amma kada mutum ya sayar da abin da yake ci da shi, kada kuma ya ɗaura wa lissafinsa ranar ƙarshe. Batir mutuwa yake, a sa shi a ciki. A kuma bar shi ya sha rana.

Baƙin ya zama sa mai ƙarfi, ya fi jan girma ma. Amma bai taɓa jin gyaran muryata ba, sai da bulala. Farin kuwa har ya tsufa, in muka zo ƙarshen kunya yakan juya tun kafin a ce masa, ya tsaya da wuya a karkace yana jiran na hagu ya biyo shi.